Me ya sa masu zuwa ranar koyon harbi ba sa dawowa?

"Assalamu alaikum Malam. Shekarata shida a jihar Minnesota ta Amurka. Wani abokin aikina ne ya shigar da ni ƙungiyar maharba ta garinmu, yanzu har an sa ni cikin kwamitin neman sababbin mutane. Duk shekara muna shirya ranar yara: a koya musu riƙon bindiga da baka, a ci abinci, a raba huluna. Yara sukan haura ɗari. Amma idan lokacin farauta ya kama, fuskokin da muka sani ne dai a daji, kuma yawancinsu sun yi furfura. Ina muke kuskure? Me za mu gyara don wanda ya zo ya zauna?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Idan na fahimce ka, ba taron jama'a ne ya gagare ku ba, taro kuna samu. Abin da ke damunku shi ne taron ba ya haihuwa: yaro ya zo ya yi harbi, ya tafi da hularsa yana murna, shi ke nan ba a sake jin ɗuriyarsa. Wannan ciwo ba naku ba ne ku kaɗai. Na yi shekaru ina koyar da darasin kiyaye haɗarin bindiga a matsayin ɗan sa-kai, ina kuma raka sababbin mafarauta daji, kuma irin ranar da ka kwatanta ni ma na tsaya a rana na shirya ta ba sau ɗaya ba. Sai da muka daɗe kafin mu yarda cewa abin da muke ƙirgawa ba shi ne abin da ya kamata mu ƙirga ba.

Dalilin da ya sa hukumomi suka damu

Yana da kyau ka san inda wannan magana ta samo asali, domin zai taimake ka idan za ka nemi tallafi. A Amurka, kuɗin kula da namun daji na jihohi ya jingina ne sosai a kan masu farauta da masu harbi. A 1937 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a kan dokar da ake kira Pittman-Robertson, sunayen 'yan majalisa biyu da suka ɗauki nauyinta, Key Pittman na Nevada da Willis Robertson na Virginia. A ƙarƙashinta ana karɓar harajin kashi 11 cikin ɗari a kan dogayen bindigogi da harsasai da kayan kwari da baka, da kashi 10 a kan ƙananan bindigogi. Gwamnatin tarayya ta tara kuɗin ta rarraba wa jihohi, rabi bisa girman ƙasar jiha, rabi kuma bisa yawan mutanen da suka sayi lasisin farauta a cikinta. Jiha takan kawo kashi 25 na kuɗin aiki, tarayya ta cika 75, kuma wannan kashi 25 ɗin galibi daga kuɗin lasisi yake fitowa. Ka ga ke nan idan mutum ɗaya ya daina sayen lasisi, jiha ta yi asara ta fuska biyu.

Yawan masu lasisi ya kai ƙololuwa a farkon shekarun 1980, wajen miliyan 17, daga nan ya fara gangarowa alhali jama'ar ƙasar na ƙaruwa. Ƙididdigar da hukumar kifi da namun daji ta tarayya take yi ta sami mafarauta miliyan 13.7 a 2011, sai ga miliyan 11.5 a 2016, kuma tara cikin goma maza ne, kusan dukkansu fararen fata. Ƙididdigar 2022 ta ba da miliyan 14.4, amma an canja hanyar ƙirgar, saboda haka ba a jera ta da na baya a ce an samu ƙari. Furfurar da kake gani kuwa ita ce asalin fargabar. Waɗanda aka haifa tsakanin 1946 da 1964 su ne ƙashin bayan farauta a ƙasar, kuma yanzu gwiwa da baya sun fara hana su hawa bishiya da jan barewa a cikin ƙanƙara.

Wannan ne ya haifar da abin da ma'aikatan fannin suke kira R3: jawo sabo, riƙe wanda ke ciki, da dawo da wanda ya bari. A 2016 majalisar Council to Advance Hunting and the Shooting Sports ta fitar da tsarin aiki na ƙasa a kai, a ƙarshen 2019 kuma aka yi wa dokar 1937 kwaskwarima don jihohi su iya kashe wani ɓangare na kuɗin a kan wannan aiki. Yau da wuya ka sami jihar da ba ta da jami'in da aikinsa ke nan. Ka nemi na jiharku, ka gabatar da kanka.

Inda ranar yara ta gaza

Mu Hausawa mun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma Amurkawa ma a kan wannan tunanin suka gina shirye-shiryensu shekara da shekaru. Tunanin ba ƙarya ba ne, amma akwai abu biyu da ya manta.

Na farko, su wane ne yaran da ke zuwa? Lokacin da muka fara tambaya a bakin ƙofa, "A gidanku akwai mai farauta?", sai muka ga kusan kowa ya ɗaga hannu. Uban da ya ga sanarwarmu a shagon sayar da kayan farauta, shi ne ya ɗauko ɗansa ya kawo. Wannan yaron ko da mu ko ba mu zai shiga daji, domin yana da uba ko kawu da bindiga da mota da wurin zuwa. Mun ba shi nishaɗi, kuma ba laifi ba ne, amma ba mu ƙara ko mutum ɗaya ba.

Na biyu, yaron da ya fito daga gidan da ba a farauta, ko da abin ya shiga ransa, me zai yi da Litinin? Shekararsa goma sha ɗaya. Ba ya tuƙi, ba shi da kuɗi, doka ba ta ba shi damar sayen bindiga ba, kuma uwarsa ba ta san inda ake sayen lasisi ba balle ta tashi da asuba ta kai shi daji. Ka kunna masa sha'awa ka bar shi babu mai riƙe hannunsa.

Masu nazarin wannan fanni suna kwatanta zama mafarauci da tafiya mai zango-zango: mutum ya ji labari, ya yi sha'awa, ya gwada, ya yanke shawarar ci gaba, ya ci gaba da taimakon wani, sannan ya kai ga tsayawa da ƙafarsa. Idan ka jera shirye-shiryen ƙungiyoyi a kan wannan hanya, za ka ga sun yi cincirindo a zangon gwaji, zangon "ci gaba da taimakon wani" kuwa fayau, babu kowa. A nan mutane suke zubewa. Kai da ka taso a ƙasar Hausa wannan ba baƙon abu ba ne gare ka. Ba a taɓa yin maharbi a wuni ɗaya ba. Yaro yakan bi ubangidansa shekaru yana riƙe masa jaka, yana koyon sawu da iska, kafin a ce ya isa ya fita shi kaɗai. Abin da birni ya raba mutanen nan da shi ke nan, kuma shi ne ya kamata shirinku ya maye gurbinsa.

Ku koma kan manya

Shawarata ta farko ita ce ku karkatar da rabin ƙarfinku zuwa ga baligai waɗanda ba su taso cikin farauta ba. Babba yana da mota da albashi, shi ke yanke wa kansa shawara, kuma idan ya kama, 'ya'yansa sun sami uban da zai kai su. Da mutum ɗaya ka buɗe gida guda.

Misalin da ya fi burge ni shi ne shirin Field to Fork da aka fara a 2016 a garin Athens na jihar Georgia. Masu shirin ba su je shagon bindigogi ba. Kasuwar manoma suka je, suka kafa tebur suna ba mutane ɗanɗanon naman barewa, wanda ya ci ya yaba sai a tambaye shi ko yana so ya koyi samo shi da hannunsa. Waɗanda suka amsa mutanen gari ne masu damuwa da inda abincinsu ya fito. Aka koya musu halin barewa da harbi, aka haɗa kowa da mai rakiya, bayan farauta aka taru aka ci abinci tare. Abin lura shi ne ta ƙofar nama aka shigo musu, ba ta ƙofar ƙaho ko girman bindiga ba. Haka ma shirin Becoming an Outdoors-Woman da Farfesa Christine Thomas ta fara a 1991 a jami'ar Wisconsin ta Stevens Point: ta gano cewa mata da yawa suna so, abin da ke hana su shi ne rashin wurin koyo inda ba za a raina tambayarsu ba.

Doka ma ta sauƙaƙa muku. A Minnesota duk wanda aka haifa bayan ƙarshen 1979 sai ya nuna shaidar darasin kiyaye haɗari kafin ya sayi lasisin farauta da bindiga, amma akwai izinin ɗan koyo da zai ba shi damar fita tare da babba mai lasisi, har shekara biyu a rayuwarsa, kafin ya yi darasin. Jihohi da yawa suna da irinsa. Ku yi amfani da shi don mutum ya ɗanɗana, amma kada ku bari shekara biyun ta ƙare bai zauna a aji ba.

Bari in ba ka labarin wani da na raka, ma'aikacin jinya ne ɗan Afirka ta Yamma, shekarunsa sun doshi arba'in. Mun yi Asabar uku a filin koyon harbi, hannunsa ya zauna sarai. Ranar buɗe farautar barewa a farkon Nuwamba muka shiga rumfarmu tun duhu, sanyi na ratsa takalmi, kowa sanye da riga mai ruwan lemu mai ƙyalli da doka ta wajabta. Wajen ƙarfe takwas wata barewa ta fito daga gefen gonar masara ta tsaya ta ba mu haƙarƙari. Na ji numfashinsa ya canja, ya ɗaga bindiga, sai ya sauke. Ta wuce. Da muka koma mota muna shan shayi na tambaye shi, sai ya ce ba harbin ne ya ba shi tsoro ba. Tunani ya yi: idan ta faɗi, me zai yi da ita? Bai san ta inda ake farke ciki ba, bai san yadda za a kai ta mota ba, gidansa kuma bene ne na haya, babu inda zai rataye ta. Ni da na yi mako uku ina koya masa saiti, ban taɓa ce masa uffan a kan fiɗa ba.

Tun daga ranar muka juya tsarinmu. Yanzu kafin kowa ya shiga daji, sai ya tsaya a garejin wani daga cikinmu an rataye barewa a gabansa, ya sa safar hannu ya riƙe wuƙa, ya feɗe, ya ware cinya da gadon baya, ya naɗe a takarda ya rubuta kwanan wata. Mukan ba shi sunan mahautan da ke karɓar barewa idan ba ya son yi da kansa, mu nuna masa yadda ake rajistar abin da aka harba da inda ake kai samfuri a yankunan da ake gwajin wata cuta mai lalata ƙwaƙwalwar barewa. Mutumin nan a mako na biyu ya samu tasa. Matarsa ta yi dambun nama ta aiko mana, shekara ta zagayo kuma shi ya kira ni yana tambaya ko zai iya zuwa da ƙaninsa.

Mai rakiya, wurin zuwa, da abokai

Daga abin da na gani, abu uku ne ke sa sabon mutum ya dawo a shekara ta biyu, kuma babu hula ko kyauta a cikinsu.

Mai rakiya shi ne mafi wuyar samu. Tsofaffin mafarauta suna da kirki, amma kwanakin farautar barewa da bindiga kaɗan ne, kuma roƙon mutum ya sadaukar da ranar buɗewa don baƙo ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ya yi mana aiki shi ne mu fayyace alkawarin: fita uku a shekarar farko, biyu a ta biyu, da amsa waya idan ɗan koyo ya kira. Mutum ya fi saurin amsa abin da ya san iyakarsa. Sannan ba kowane gwanin harbi ne ya iya koyarwa ba. Akwai wanda zai karɓe bindigar ya ce "kawo in nuna maka", akwai wanda zai cika ɗan koyo da labarin manyan ƙahonin da ya tara har ya ji kunyar harbin ƙaramar barewa. Ku zauna da masu rakiyar ku ma ku horar da su. Kuma ku duba cikin dattawan da suka ajiye farauta saboda jiki: da yawansu ba za su iya jan nama ba, amma za su iya zama a rumfa kusa da matashi su raɗa masa "dakata, bari ta juyo". Ka dawo da tsoho, ka kuma riƙe sabo.

Kada ku fara kowa da barewa. Kurege da zomo sun fi dacewa da ɗan koyo: lokacinsu yana da tsawo, ana tafiya ana hira, bindiga ƙarama ce, idan an kuskure ba a yi asarar shekara ba, kuma fiɗar ba ta wuce minti goma. 'Yan ƙabilar Hmong da ke Minnesota da Wisconsin, waɗanda asalinsu daga kudu maso gabashin Asiya ne, sun riƙe farautar kurege sosai, dangi guda suke fita, kuma kana ganin yadda abin yake wucewa daga uba zuwa ɗa ba tare da wani shiri na hukuma ba.

Wurin zuwa shi ne na biyu. Idan ka kai mutum gonar abokinka mai cike da barewa ya yi nasara, ka faranta masa, amma baɗi ba shi da wannan gonar. Ka koya masa a filin gwamnati da zai iya komawa ba tare da kai ba: yadda ake karanta taswira a waya, inda ake ajiye mota, yadda ake gane iyakar filin wani. Wasu jihohin suna biyan manoma don su buɗe gonakinsu ga masu shiga da ƙafa. Kansas ta fara nata a 1995 kuma ya haura eka miliyan ɗaya, Minnesota ma tana da irinsa a yankin yamma da kudu. Lokaci ma wuri ne: Pennsylvania ta daɗe tana hana yawancin farauta ranar Lahadi, sai a 2020 aka buɗe Lahadi uku, domin mai aikin Litinin zuwa Juma'a rabin hutunsa ne ake hana shi.

A nan akwai maganar da ta shafe mu kai tsaye, kuma gara a faɗe ta. Baƙar fata ko baƙo mai wani harshe, riƙe da bindiga a ƙauyen da bai san kowa ba, yana da fargabar da abokinka na ƙungiya bai taɓa ji ba. Ƙwanƙwasa ƙofar manomi don neman izini abu ne mai nauyi a gare shi. Maganinsa shi ne a je tare, a gabatar da shi da sunansa, a kuma haɗa sababbi biyu ko uku su zama abokan fita. Wannan shi ne abu na uku. Wanda ya kammala shiri ya koma gida shi kaɗai a cikin abokan da ba ruwansu da daji, da wuya ya ɗore. Mu mun buɗe musu zaure a WhatsApp, kuma yanzu su suke shirya fitarsu ba tare da sun jira mu ba. Idan kuna gayyatar 'yan'uwa Musulmi, za su tambaye ku halaccin naman. Abin da malamai suka karantar da mu shi ne a ambaci sunan Allah lokacin sakin harbi, idan kuma an tarar da dabbar da sauran rai a yanka ta. Ku gayyaci limami ya yi bayanin da bakinsa. Sannan ku tunatar da kowa ya duba matsayin takardunsa, domin dokar tarayya ta bambanta mai katin zama na dindindin da mai bizar wucin gadi a kan riƙe bindiga.

Masu harbin wasa hanyarsu daban

Kuskuren da muka daɗe muna yi shi ne ɗaukar filin harbi a matsayin zauren shiga farauta kawai. Miliyoyin mutane suna harbin allo ko faifan yumɓu da ake cillawa sama, ba su da niyyar kashe ko tsuntsu, kuma wani bincike na kamfanin Southwick Associates ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na harajin Pittman-Robertson yanzu daga sayayyar da ba ta farauta ba yake fitowa. Waɗannan mutane su ke ɗauke da kaso mafi girma na kuɗin, don haka sun cancanci a yi musu hidima don kansu. A 2019 an yi dokar da ta ɗaga kason tarayya zuwa kashi 90 wajen gina filayen harbi na jama'a, kuma ƙungiya irin taku za ta iya tambayar hukumar jiha ko akwai tallafin gyaran fili.

Jiharku ce ma ta fi kowa abin nunawa a nan. Gasar harbin faifan yumɓu ta makarantun sakandare ta Minnesota tana da ƙungiyoyi uku da ɗalibai talatin a 2008, yau ɗalibanta sun haura dubu goma, kuma tsarin ya bazu zuwa wasu jihohi. Dubi abin da ya bambanta ta da ranar yara: mako-mako ake haɗuwa, akwai koci, akwai abokai, maza da mata a ƙungiya ɗaya, ba a ajiye kowa a benci. Haka shirin harbin baka na makarantu da aka fara a Kentucky a 2002. Raunin duka biyun shi ne ranar da ɗalibi ya gama makaranta, koci da fili da abokai duk sun tafi lokaci guda. Ga aikin da ƙungiyarku za ta yi: rangwamen kuɗin shiga ga waɗanda suka gama, gasar yamma ta matasa, da gayyatar mai so zuwa farautar tsuntsaye. Ga masu baka kuma akwai gibin kayan aiki, domin bakan makaranta ƙarfin jansa bai wuce fam 20 ba, doka a Minnesota kuwa tana neman aƙalla fam 30 don barewa. Idan kuna da bakuna biyu ko uku na aro, kun cike wannan gibin.

Ranar farko a filin harbi ita ke yanke hukunci. Na sha ganin miji ya miƙa wa matarsa babbar bindiga mai dukan kafaɗa, ta harba sau ɗaya ta ajiye, ba ta ƙara dawowa ba. A fara da ƙaramar bindiga irin .22, a toshe kunne da kyau, a sa allo kusa yadda mutum zai ga ya samu, a kuma tsaya tun yana marmari.

Abin da za ku ƙirga

Ku daina auna nasara da yawan waɗanda suka zo. Tun a takardar rajista ku tambayi mutum ko ya taɓa farauta, ko akwai mai yi a gidansu, da izinin ku tuntuɓe shi. Bayan shekara ɗaya ku kira: ka sayi lasisi? Sau nawa ka fita? Da wa? Me ya hana ka? Bayan shekara biyu ku sake kira. Amsar tambaya ta ƙarshe ita ce manhajar shirinku na gaba. Hukumar jiha tana ba kowane mai lasisi lamba, don haka jami'in da na ambata zai iya taimaka muku ku gane ko ɗalibanku suna sabuntawa.

Za ku ga adadinku ya faɗo daga ɗari zuwa goma ko goma sha biyu, kuma wasu 'yan kwamiti ba za su ji daɗi ba, domin hoton yara ɗari ya fi kyau a rahoto. Ka tsaya a kan bakanka. Ranar yaran ma ba sai kun soke ta ba: ku sa sharaɗin kowane yaro ya zo da babba wanda shi ma zai yi harbi, ku kai sanarwar makarantu da masallatai da coci-coci da kasuwar manoma, kuma kada kowa ya fita ƙofa sai an ba shi ranar haɗuwa ta gaba.

Kada kuma ku manta da waɗanda ke ciki. Bayanan lasisi a jihohi da dama sun nuna cewa mafarauta da yawa ba kowace shekara suke saya ba: haihuwa, sauyin aiki ko ƙaura sai su sa mutum ya tsallake shekara, daga nan ta zama uku. A 2020, lokacin kullen korona, sayen lasisi ya ƙaru da kusan kashi 5 cikin ɗari, abin da ya nuna cewa sha'awar tana nan, lokaci ne ya yi ƙaranci. Florida ta sa tsarin da lasisi ke sabunta kansa. Ku a matakinku, kiran waya a watan Satumba ga ɗan ƙungiyar da ba a gani ba bara ya fi kowace sanarwa tasiri.

Iyakar abin da na faɗa

Gogewata ta dazuzzuka da gonakin tsakiyar arewacin Amurka ce, inda filin gwamnati yake da yawa. A Texas, inda kusan duk ƙasar ta masu zaman kansu ce, matsalar wurin zuwa ta fi haka tsanani kuma kuɗi ne ke magana. Sannan duk iya ƙoƙarinku, ƙungiya ɗaya ba za ta juya ƙaurar mutane zuwa birni ko tsufan tsara guda ba. Shi ya sa nake ganin bai kamata kula da namun daji ya rataya a wuyan maharba kaɗai ba. Jihar Missouri tun 1976 ta amince da harajin sayayya na ɗaya bisa takwas na kashi ɗaya cikin ɗari don wannan aiki, kowa yana biya. Za ka kuma haɗu da mafarautan da ba sa son a ƙaro mutane, suna cewa filayen gwamnati sun riga sun cika. A wasu wuraren gaskiya suka faɗa, kuma amsar da nake ba su ita ce mu karkata sababbi zuwa kurege da zomo da matan barewa a yankunan da suka yi yawa har suna ɓarna a gonaki, mu kuma koya musu ladabin ba wa wanda ya riga su wuri tazara.

Idan za ka kai magana ɗaya gaban kwamitinku a zama mai zuwa, ka nemi a ba ka mutum shida masu rakiya da manya goma sha biyu 'yan koyo, a fara da filin harbi a watan Agusta, kurege a Satumba, darasin fiɗa a Oktoba, barewa a Nuwamba, a rufe da cin abinci tare inda kowa zai kawo abin da ya dafa. Ka ajiye lambobin wayarsu a littafi, baɗi war haka ka kira su ɗaya bayan ɗaya.